Daga ina zan fara sauraron Kenshi Yonezu?

Autar Gida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Waƙar buɗe Chainsaw Man, wani anime (shirin zane na Japan), ta kama ni sosai, aka ce Kenshi Yonezu ne ya rera ta. Don Allah wanda ya san shi ya ba ni shawara, wacce zan saurara bayanta? Kuma ya aka yi ya yi suna haka?

Mai Zane: Wa alaikumus salam ƙanwata. Waccan "Kick Back" ce ta 2022, kin tarar da shi ne bayan ya yi nisa. Ni dai shawarata ki koma tushe. An haife shi a 1991 a Tokushima, can tsibirin Shikoku na Japan. A 2009 ya fara ɗora waƙoƙin Vocaloid a dandalin bidiyo na Nico Nico Douga da sunan Hachi, kuma a cikinsu ba muryarsa ake ji ba. Manhajar Vocaloid yake ba wa baiti da amo, sai muryoyin kwamfuta irin su Hatsune Miku da GUMI su rera. Shi ke rubutawa, shi ke haɗa kiɗan, shi ke zana hotunan bidiyon da hannunsa. Ki nemi "Matryoshka" ta 2010, sannan "Panda Hero".

Yaya Babba: Mai Zane, kada ka kore ta tun ba ta zauna ba. Muryar na'ura ba kowane kunne ke karɓarta da wuri ba, ga sauri kamar ana kora. Auta, fara da "Lemon" ta 2018. An yi ta ne don wasan talabijin mai suna Unnatural, labarin likitocin da ke binciken musabbabin mutuwa, kuma yana tsakiyar aikinta kakansa ya rasu. Ko ba ki jin Japananci za ki ji makokin a muryarsa. Ita ce ta zo ta ɗaya a jadawalin shekara na Billboard Japan a 2018, ta sake zuwa a 2019.

Mai Zane: Ban ƙi ba Yaya, "Lemon" waƙa ce. Amma wanda ya fara da ita zai ɗauka daga sama ya faɗo. Abin da ya fi burge ni shi ne 2012. Yaro yana da suna a matsayin Hachi, mabiyansa na jiran sabuwa, sai ya fito da kundin diorama da sunansa na gaskiya da muryarsa. Babu tabbacin mutanen da suka saba da Miku za su bi shi. Wannan ƙarfin hali ne.

Anti Malama: Ku bari in raba ku. Akwai waƙa ɗaya da ke da fuska biyu, "Donut Hole". A 2013 ya fitar da ita da muryar GUMI, sannan ya rera ta da bakinsa a kundin Yankee na 2014. Ki saurari duka biyun a jere, a nan za ki gane me ya sauya da me bai sauya ba. Ki nemi fassarar baitocin kuma, don rabin daɗin a kalmomin yake.

Autar Gida: Na gode Anti. To tsakanin 2014 da "Lemon" fa?

Yaya Babba: Kundin Bremen na 2015 ya hau na ɗaya a jadawalin cinikin waƙoƙi na Oricon. A 2017 ya yi "Peace Sign" don My Hero Academia, tunda kina son anime wannan taki ce, ga kuma "Uchiage Hanabi" da ya yi tare da mawaƙiya DAOKO. Amma abin da ya kai shi gaban iyaye da kakanni shi ne daren 31 ga Disamba 2018, a shirin Kohaku na tashar NHK da iyalai ke kallo a jajibirin sabuwar shekara. Bai je zauren Tokyo ba, daga gidan adana zane na Otsuka da ke jiharsu ta Tokushima ya rera "Lemon" kai tsaye. Ki nemi bayanin wannan daren.

Autar Gida: Shi ke nan, zan fara da "Donut Hole" guda biyun, sai "Lemon", sannan in koma wa Hachi. Allah ya saka da alheri.

Mai Zane: Amin. In kin zo kan "Matryoshka" ki kalli bidiyon na asali, zanensa ne.