Wai littafin da bai ci gasa ba kada ya hau kantar laburare?

Mai Laburare: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Wani bawan Allah ya ba ɗan laburaren unguwarmu gudummawa a sayo sababbin littattafai, kuɗin ba yawa, in an matsa ba za su wuce littafi 40 ba. Jiya a zaman kwamiti shugabanmu ya kafe wai duk littafin da bai ci wata gasa ko kyauta ba kar a saya, alƙalai sun riga sun tace mana, a daina zubar da kuɗi a kan tarkace. Ni dai abin bai kwanta min ba amma na rasa amsar da zan ba shi a wurin, kun san dattijo ne. Me kuka gani?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Malam ai Baba shugaba ya gama magana, ni ban ga abin muhawara ba. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ma gasa ce ta haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya sa gasa, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Shekara 90 da ɗoriya har yau ana karanta su. Yanzu kuwa kowa ya sayi waya da data ya zama marubuci, ba edita ba mai duba ƙa'idar rubutu, a jera maka shafi 300 na attajiri ya ga 'yar talla ya rikice.

Uwar Biyu: To Yaya Ɗan Fagge ina da tambaya ɗaya, wace gasa Magana Jari Ce ya ci?

Ɗan Fagge: Wannan ai daban ne Hajiya.

Uwar Biyu: A'a ba wani daban, amsa za ka ba ni. Babu gasar da ya shiga, aiki aka ba Imam ya je Zariya ya zauna ya rubuta. Ka ga da dokar Baba shugaba za a bi sai a sauke shi daga kanta kenan. Kuma maganar tarkace da ake yi tana ƙona min rai wallahi, ni da waɗannan tarkacen na iya karatun Hausa, ba a aji ba. Muna sakandare akwai mai shagon haya a bakin layinmu, littafi siriri mai bangon hoto, na ɗaya na biyu na uku, ka karanta na ɗaya ya yanke maka daidai inda ake shirin ɗaura aure sai ka yi kwana biyu kana zarya ana ce maka na biyun yana hannun wata. A cikin littafin Biology nake ɓoye shi, ranar da Umma ta kama ni na sha rankwashi, amma da dare ita ta ce in karanto mata ƙarshen.

Malamin Hausa: Hajiya kin tuna min da zamanin da aka yi ta fafatawa a jaridu kan wannan batu, Farfesa Ibrahim Malumfashi yana kiran su adabin kasuwar Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu yana cewa a tsaya a nazarce su tukuna kafin a yi musu jana'iza. Har ƙona irin littattafan nan an yi a Kano a 2007. Amma bari in yi wa Ɗan Fagge adalci, gasa ta yi mana rana. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed daga gasar kamfanin NNPC ya fito aka buga shi a 1980, NNPC na ɗab'i da ke Zariya nake nufi ba na man fetur ba kafin wani ya tambaye ni. Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa su ma gasar gwamnatin tarayya ce ta fito da su a farkon shekarun 1980. Matsalata da dokar shugabanku ita ce lissafi. Gasar littafin Hausa ba kowace shekara ake yi ba, a yi yau a yi shiru shekara da shekaru, wata ma in mai ɗaukar nauyinta ya gaji shi kenan ta mutu. Littafin da ya fito a shekarun da ba gasa laifin me ya yi?

Ɗan Fagge: To ai ba dole sai na Hausa ba Malam. Ga kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG nan, dala 100,000, ɗanmu Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016 da Season of Crimson Blossoms. A sayo irin waɗannan yara su ga na gida ma yana iyawa.

Malamin Hausa: A saya mana, ni ma ina da shi. Sai dai ka san da Turanci ake shiga wannan gasar, kuma juyawa take yi tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara, kenan labarin zube sau ɗaya a shekara 4. Sannan in Baba shugaba yana zaton duk abin da ya ci kyauta zai iya miƙa wa 'yarsa ido rufe, ya fara karanta wannan ɗin tukuna, labarin bazawara mai shekara 55 ne da wani matashi ɗan daba. Ba kushe nake ba, littafi ne mai kyau, amma alƙalan gasa ba su san waye ke shiga laburarenku ba.

'Yar Maraɗi: Ku kuna ta NLNG, mu nan wa ya san ta? Mu gasar Hikayata ta BBC Hausa muka sani, tun da aka fara a 2016 muke saurare, kuma 'yar ƙasarmu ce ta zo ta ɗaya a 2022, ranar kam mun yi murna. Amma ita ma gajeren labari ne ake turawa, ba littafi ba ne da za ka je kasuwa ka ce a ba ka kwafi biyar. Ni ina ganin amfaninta shi ne ta nuna maka sunan marubuciya, sai ka bi sawunta ka ga ko tana da littafi a kasuwa.

Ɗan Fagge: Yauwa, kin ga kin dawo hanyata ƙanwata. Gasa ce dai ta nuna miki ita.

'Yar Maraɗi: Ta nuna min mutum uku a shekara, sauran ɗaruruwan da suka tura fa, duk ba su iya ba kenan?

Uwar Biyu: Kuma abin haushi mu ba ma ganin namu da gashi sai an yaba daga waje. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fi shekara 20 a hannun mata suna karantawa ana ce musu masu ɓata lokaci, sai da wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012 sannan 'yan boko suka fara gyara zama suna cewa ai akwai darasi a ciki. Dama can darasin yana nan, ku ne ba ku buɗe ba.

Malamin Hausa: Tunda kin ambaci Indiya, kyautar International Booker ta 2025, wadda ake ba littafin da aka fassara zuwa Turanci, wata marubuciya Musulma ce ta ci, Banu Mushtaq, da gajerun labarai kan rayuwar matan Musulmi na kudancin Indiya, da harshen Kannada ta rubuta wata ta fassara, suka raba fam 50,000. Labaran nan wasu sun haura shekara 30 da rubutawa. Abin da ya canza kawai an samu mai fassara da kamfanin da ya shigar. Shi kuwa marubuci Ngugi na Kenya har ya rasu a 2025 bai samu Nobel ba, kowace shekara ana cewa bana shi ne.

Ɗan Fagge: Duk na ji, amma ku faɗa min gaskiya tsakaninku da Allah, abin da ake zubawa a WhatsApp da Wattpad yanzu, wanda ake cewa turo 500 a saka ki a gurup, shi za a buga a kai wa yara? Wasu ko sakin layi babu, ga batsa tsirara. In an cire ma'aunin gasa da me Mai Laburare zai auna, da son ransa?

Uwar Biyu: Nan kam ban musa maka ba, akwai wanda ni da kaina na goge daga wayar 'yata. Amma ai shi ya sa aka ajiye mutum a laburare ba a ajiye kwamfuta ba, ya karanta kafin ya saya mana.

Mai Laburare: Hajiya littafi 40 kafin ƙarshen wata, ga aikin gwamnati ga iyali, sai dai ku taimaka a raba. Amma kun sa na ɗauko rajistar aro yanzu ina dubawa. Akwai wani littafin Turanci da ya ci babbar kyauta, mai bango mai kauri, tun da aka kawo shi mutum biyu suka ara kuma ɗayan ni ne. In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino kuwa sau uku ina liƙe bangonsa da salatif, shafukan tsakiya sun yi laushi kamar tsumma, akwai ɗigon manja a wani wuri. Masu zuwa kuma yawanci 'yan WAEC da JAMB ne da matan aure bayan la'asar.

Ɗan Fagge: Yawan aro ba shi ne inganci ba fa Malam, ko alewa ai ta fi magani farin jini.

Mai Laburare: Haka ne, shi ya sa ba zan jefar da maganarka ba. Abin da zan kai wa Baba ranar Asabar shi ne 15 daga waɗanda suka ci gasa, Hausa da Turanci, sauran kuma sababbin fitowa da abin da masu aro ke tambaya, da sharaɗin mutum biyu cikinmu sun karanta sun sa hannu. Ban san ko zai yarda ba. Malam da Hajiya ku shirya zan kawo muku biyar biyar. Ɗan Fagge kai kuma turo min jerin naka kafin Juma'a, kuma don Allah ka haɗo da Ganɗokin da ka ara, rajista ta nuna tun kafin azumi yake wurinka.