Dattawanku da aka yi wa allurar korona, me kuka gani?

Salamu alaikum jama'a. Tun da Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya rasu ranar 9 ga Afrilun 2021, maganar da ta cika majalisu a nan Sakkwato ita ce wai allurar korona ce ta ci shi. Gaskiya ne an yi musu ita shi da Sarauniya a watan Janairun 2021, kuma a Fabrairu aka kwantar da shi asibiti, har aka yi masa aiki a zuciya. To amma tsoho ne ɗan shekara 99, tun 2011 yake da matsalar zuciya, ita kuma Sarauniya a lokacin tana nan da ranta. Duk da haka dattawanmu sun tsorata. Don Allah wanda aka yi wa tsohonsa, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Daga Mabera:
Wa alaikumus salam. Baffanmu ya haura saba'in, yana da ciwon suga. Daren da aka yi masa ya kwana da zazzaɓi da rawar ɗari, muka lulluɓe shi da bargo cikin wannan zafin namu na bazara, hannun ma ya kasa ɗaga buta. Wallahi hankalinmu ya tashi. Aka ba shi farasitamol, washegari sallar Azahar a masallaci ya yi ta.

Daga Runjin Sambo:
Innata ko a jikinta. Ni ce ma na kwanta da ciwon kai.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla:
Mu aka fara yi wa, tun da allurar kamfanin AstraZeneca ta iso Nijeriya a farkon Maris na 2021. Ciwon hannu, kasala da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu sanannu ne, kuma sun fi kama matasa. Maganar daskarewar jini bayan allurar da aka yi ta yi a Turai akwai ta, ba zan ɓoye muku ba, sai dai da wuya ake samunta ƙwarai, kuma an fi ganinta a 'yan ƙasa da shekara 60. Idan ciwon kai mai tsanani ya ƙi tafiya bayan kwanaki, ko ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti.

Daga Gawon Nama:
Ni nawa da nauyi. Kawuna ya rasu sati uku bayan allurar, Allah ya jiƙansa. Tun a zaman makoki aka fara cewa ita ce. Amma ni nake kai shi asibiti, ni nake riƙe da katinsa. Hawan jini ya daɗe yana cin shi, ya bar shan magani tun kafin allurar saboda tsada, shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Na faɗa, ba wanda ya saurare ni. Yanzu matansa biyu sun ƙi zuwa a yi musu allurar.

Daga Kanwuri:
Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Kada mu ga laifin masu tsoro, mutane ba su manta da gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 ba. Haka aka yi ta fama kan rigakafin shan inna, sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba. Malama ta Arkilla, mai hawan jini zai iya zuwa yana azumi, ko ya bari sai bayan sallah?