Wai Bourvil ɗan rakiyar De Funès ne kawai?

Ɗan Damagaram: Jama'a ni fa ina nan a kan bakana, Bourvil, jarumin fina-finan barkwanci na Faransa, ɗan rakiya ne. A cire abokin fitowarsa Louis de Funès daga fim ɗin La Grande Vadrouille mu ga in mutum miliyan 17 za su shiga silima a Faransa don shi.

Hajiyar Maraɗi: Haba ƙanena! A 1956 wa ya ciyo kyautar gwarzon jarumi a bikin fina-finai na Venis? Bourvil ne, da La Traversée de Paris, shi da Jean Gabin, lokacin De Funès ɗan guntun rol aka ba shi na mai shago. To wa ke rakiyar wa?

Ɗan Damagaram: Yaya ai wannan kafin tauraruwar De Funès ta haska ne.

Malam Tsoho: Yaro sake kallon La Grande Vadrouille da kyau. Wurin da De Funès ya ƙwace takalman mai fenti, wato Bourvil, saboda nasa sun matse shi, da wurin da ya ɗare wuyansa yana ba da oda, wallahi fuskar Bourvil ce ke sa ka dariya, wannan haƙurin na talaka da aka raina kuma bai iya cewa a'a ba, in babu shi De Funès ihu kawai yake yi.

Hajiyar Maraɗi: Kuma da waƙa ya fara tun 1945 da Les Crayons. Sunansa na yanka André Raimbourg, Bourvil ɗin daga ƙauyen Bourville na Normandi ya samo shi. Ni waƙarsa La Tendresse har yau in na ji sai jikina ya yi sanyi.

Malam Tsoho: Je ka nemi fim ɗin Le Cercle rouge na darakta Melville. Kwamishinan 'yan sanda Bourvil ya fito, ba wasa ko ɗaya, ya dawo gida shi kaɗai yana ba magunansa abinci, alhali ciwon dajin ɓargo na cinsa. Ya rasu 23 ga Satumba 1970 yana da shekara 53, fim ɗin bai ma fito ba.

Ɗan Damagaram: Baba ban kalli wannan ba gaskiya, zan nema. Amma fa bayan rasuwarsa Yves Montand aka sa a gurbinsa a La Folie des grandeurs a 1971, kuma fim ɗin ya karɓu. Wannan kuma me za ku ce?

Hajiyar Maraɗi: Kalli Le Cercle rouge tukuna ka dawo mu yi magana.