Shin 512 MB ya isa /boot, ko kuwa tsohon lissafi ne?

Mai Debian: Jama'a, ga magana mu tauna. Ana ta cewa a ba ɓangaren /boot, wato sashen faifai da Linux ke ajiye fayilolin tashin na'ura, 1 GB ko 2 GB, ni kuwa ina ganin ɓarnar faifai ce, 512 MB ya isa. Duk wanda /boot ɗinsa ya cika yana tsaka da sabuntawa, tsofaffin kenel, wato zuciyar Linux, ya bari suka taru. Fayil huɗu kowane kenel ke ajiyewa a can: vmlinuz (kenel ɗin kansa), initrd.img (ƙunshin direbobin da ake lodawa a farkon tashi), System.map da config. A riƙa yin `apt autoremove --purge` bayan kowace sabuntawa, a bar kenel biyu, magana ta ƙare.

Malama Mai Sabobi: Malam, a bar biyun da ka ce, a nan lissafinka ya karkace. Apt, manhajar girka kunshi a Debian da Ubuntu, ba ya cire tsoho sai sabo ya zauna, saboda haka a lokacin sabuntawa uku ne a /boot. Mu ƙaddara initrd ɗinka 100 MB ne, wanda ba abin mamaki ba ne a Ubuntu da saitin MODULES=most, sauran fayilolin ukun kuma su kai kamar 20. Kenel ɗaya 120, uku 360. Idan kuma kunshin linux-firmware ya zo a cikin sabuntawar, update-initramfs zai sake gina initrd, kuma ba ya rubutawa a kan tsohon: sabo yake yi mai suna .new a gefe, sai ya kammala ya canza masa suna. Ba a rushe tsohon ɗaki sai sabon ya tsaya. Ƙarin 100 ke nan, mun kai 460. Ga babban fayil ɗin grub, manhajar da ke loda kenel, ga abin da tsarin fayil na ext4 ke ci wa kansa, don `df -h /boot` ba zai taɓa nuna maka 512 cif ba. A wannan gaɓar ake ganin "No space left on device", alhali mutum bai tara komai ba.

Mai Debian: Na karɓi lissafin, Malama, amma 100 MB ɗin ai zaɓi ne. A buɗe /etc/initramfs-tools/initramfs.conf a mayar da MODULES=most zuwa MODULES=dep, a sa COMPRESS=xz, sai a yi `update-initramfs -u -k all`. Initrd zai faɗo ƙasa sosai, domin direbobin da na'urar ke buƙata kaɗai za a saka.

Dattijo: Gaskiya ne yana faɗowa, amma ka gaya wa mutane abin da za su rasa. MODULES=dep yana duba kayan da ke jikin na'urar ne a ranar da aka gina initrd. Ka cire faifan ka sa a wata kwamfuta, ko ka canza daga SATA zuwa NVMe, ko a na'urar kwaikwayo ka sauya nau'in faifai zuwa virtio, to direban da zai ga faifan babu shi a ciki, sai ka tsinci kanka a tagar initramfs ba tushe, wato ɓangaren / da tsarin ke zaune a kai. Kafin irin wannan sauyi dole a koma most a sake ginawa. Shi kuma xz ya fi matsewa, amma ya fi jinkirin ginawa da buɗewa. Lz4 ya fi sauri amma fayil ɗinsa ya fi girma. Zstd na tsakani. Sannan `-k all` a kan /boot da ya riga ya cika yakan gaza tun daga na farko, saboda wannan .new ɗin da Malama ta ambata. A fara samar da wuri tukuna.

Mai Fedora: A wajenmu ma maganar tsaftar ba ta tashi ba, don dnf, takwaran apt a Fedora, da kansa yake sharewa. Saitin installonly_limit, wanda ake canzawa a /etc/dnf/dnf.conf, 3 ne in ba ka taɓa shi ba, wato kenel uku yake riƙewa. Duk da haka /boot yana cika, domin bayan ukun akwai hoton ceto, vmlinuz-0-rescue da initramfs-0-rescue, wanda yake ɗauke da direbobi masu yawa kuma ya fi na kullum girma. Inda aka kunna kdump, mai adana bayanai in kenel ya faɗi, kuma akwai ƙarin initramfs nasa. Za ka iya saukar da adadin zuwa 2, ba a yarda da 1 ba, a dnf 4 kuma ka yi `dnf remove --oldinstallonly`. Amma lura: masu Fedora sun daɗe suna ba /boot 1 GB, a Fedora 43 suka ɗaga shi zuwa 2 GB. Tsarin da yake share kansa ne ya ce wurin ya yi kaɗan.

Malama Mai Sabobi: Kuma Debian ɗin taka, Malam, bayanin fitowar Debian 13 a 2025 ya ce kafin a hau shi a tabbata /boot ya kai 768 MB, da kusan 300 MB a sake.

Mai Debian: Wannan ban musa ba. Amma wanda ya riga ya girka da 512 fa? Ba za mu ce ya goge komai ba. Ko `tune2fs -m 0` ma zai dawo masa da kashi 5 cikin ɗari da ext4 ke ɓoyewa.

Dattijo: A'a, ɗana, wannan ba ya ƙara komai a nan. Wannan kason an keɓe shi ne don root, asusun mai cikakken iko, apt da update-initramfs kuwa a matsayin root suke aiki, dama suna cin sa. Lambar df ce kawai za ta canza.

Bari in faɗi yadda ake fita in ya riga ya cika, don a nan mutane ke ɓata na'ura. Da farko `uname -r`, ka rubuta lambar kenel ɗin da kake kai, ba a taɓa shi. Sai `dpkg -l 'linux-image-*'`. Masu ii a gaba su ne a girke, masu rc an riga an cire su, ba sa cin wuri a /boot. A wannan halin apt yakan ƙi cire komai, yana cewa akwai kunshin da bai kammala ba. To ka zaɓi kenel mafi tsufa ka cire initrd ɗinsa kaɗai da `update-initramfs -d -k` da lambarsa. Wannan ya ba ka wurin numfashi. Sai `dpkg --configure -a`, sai `apt -f install`, sannan ka cire wancan tsohon gaba ɗaya da `apt purge`, kunshinsa na image da na modules, ka ƙarasa da autoremove. Kada ka sake kunna na'urar kafin ka ga `ls -lh /boot` ya nuna sabon kenel yana da initrd ɗinsa cikakke. Abin da ba a yi shi ne `rm` a kan vmlinuz a tafi: dpkg yana ganin kunshin na nan, jerin GRUB kuma yana nuna kenel ɗin da babu shi.

Malama Mai Sabobi: Ƙari kan na Baba: autoremove ba ya taɓa kenel ɗin da aka yi wa alamar an girka da hannu. Duba `apt-mark showmanual | grep linux-image`, duk mai lamba da ya fito ka mayar da shi da `apt-mark auto`. Da yawan masu cewa autoremove ba ya aiki, wannan ne.

Ɗan Arch: Ni tambayata ta wuce girma: me ya sa ma ake ware /boot? Asalin abin tsohon BIOS ne da ba ya iya karanta abin da ya wuce silinda 1024 a faifai, wannan kuwa ya wuce. Idan tushenka ext4 ne ba a kulle ba, ka bar /boot ya zama babban fayil kawai a cikin /, GRUB yana karanta shi, har a kan LVM, tsarin haɗa ɓangarorin faifai. Cikawa ta ƙare ke nan.

Mai Fedora: Sai dai inda aka kulle faifai, Yaya. Cryptsetup, manhajar kulle faifai, yana yin kullen LUKS2 da dabarar sarrafa kalmar sirri ta Argon2id ne in ba ka canza ba, GRUB 2.06 da 2.12 kuwa LUKS2 mai PBKDF2 kawai suke buɗewa, saboda haka kenel da initrd sukan zauna a waje. Masu systemd-boot kuma kenel ɗinsu yana zama ne a ɓangaren EFI mai FAT ko wani makamancinsa, kuma in Windows ne ya fara yin wannan ɓangaren, sau da yawa 100 MB kacal ne.

Ɗan Arch: Haka ne, a nan namu ke cijewa. Arch kenel ɗaya yake riƙewa a kowane kunshi, amma in /etc/mkinitcpio.d/linux.preset yana gina fallback, wato initrd na ko-ta-kwana mai direbobi da yawa, wannan hoton kaɗai zai iya cinye mafi yawan 100 MB ɗin. A cire fallback daga layin PRESETS a goge fayil ɗinsa, sai dai a ajiye filashin ceto a kusa, tunda shi ne aikin da fallback ke yi.

Mai Debian: To na rage daga maganata: 512 yana ɗauka in an koma dep, an tsaya a kenel biyu, kuma babu direban katin hoto a cikin initrd. A sabon girki zan ce 1 GB. Amma faɗaɗa wanda ke akwai fa, GParted, manhajar gyara ɓangarorin faifai, bai isa ba?

Malama Mai Sabobi: Da wuya, Malam, don /boot yakan zauna a gaban babban ɓangaren, faɗaɗa shi na nufin ture farkon maƙwabcinsa, ga LUKS ko LVM a ciki, tsarin fayil na XFS kuma kusan ba ya raguwa. Hanya mafi sauƙi: bayan ajiye kwafin bayanai, ka samar da sabon ɓangare na 1 ko 2 GB a ƙarshen faifai, ka yi masa ext4, ka kwashe abin da ke /boot da `cp -a` ban da efi, ka sa sabon UUID daga `blkid` a /etc/fstab, ka ɗora shi a /boot, ka mayar da /boot/efi a kansa, sai `grub-install` da `update-grub`. Tsohon ɓangaren kada ka goge shi sai na'urar ta tashi daga sabon, kuma `findmnt /boot` ya tabbatar maka da hakan.