Gwaiduwar ƙwan kajina ta koɗe, me ke kawo haka?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo, don Allah shawara nake nema. Ina da 'yan kajina a bayan gida, ƙwansu nake ba yara. Da can in na fasa ƙwai gwaiduwar jawur take, har ta kusa ruwan goro, amma yanzu ta koɗe ta yi fari-fari. Kajin suna ci, ba su rage yin ƙwai ba, ɓawon ma ƙalau yake. Abin da ya canja kawai, na daina sakinsu saboda shaho, na killace su a akurki ina ba su dusa da tsakin farar masara da dawa. Wata ta ce min wai rashin zakara ne, wata kuma ta ce irin wannan ƙwan ba ya amfanin komai a jiki. Maganar ta tsaya min a rai. Ciwo ne? Zan iya ci gaba da ba yara?

Baba Mai Kaji: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, ai kin faɗi dalilin da bakinki. Jikin kaza ba ya haɗa launin gwaiduwa da kansa, daga abin da ta ci take samo shi. Akwai wasu sinadarai da ake kira karotinoyid, manyansu a nan su ne lutin da ziyazantin, suna cikin ɗanyen ganye da masara mai ruwan ɗorawa. Lokacin da kajinki ke yawo suna tsattsagar ciyawa da ƙwari, suna samunsu ba tare da kin sani ba. Farar masara, dawa, alkama da shinkafa kuwa kusan babu wannan launi a cikinsu, komai yawan da kaza ta ci.

Zakara ba ruwansa da wannan magana. Aikinsa ƙwai ya ƙyanƙyashe, shi ke nan. Ki ba yaranki ƙwansu, halal ne kuma lafiyayye, furotin da maiƙon da ke ciki suna nan.

Maman Ummi: Alhamdu lillahi, na gode Baba. To me zan riƙa ƙara musu, tunda ba zan iya sakinsu ba?

Baba Mai Kaji: Ki mayar da tsakin na masara mai ruwan ɗorawa, ko da rabi ne. Sannan kullum ki ɗaure musu damin ɗanyen ganye ki rataya daidai tsayin kansu, zogale ko alayyafo ko ɗanyar ciyawa wadda ba a yi wa feshi ba. In kin zube a ƙasa tattake shi za su yi da kashi. Idan za ki busar don ajiya, a inuwa za ki shanya, domin rana da daɗewa suna cinye launin. Ganyen da ya koma ruwan ƙasa ya gama aikinsa. Sai dai ganye ƙari ne, kada ya hana su cin ainihin abincinsu, in ba haka ba ƙwan ne zai ragu.

Kuma kada ki fasa ƙwan gobe ki ce bai yi ba. Gwaiduwa tana ɗaukar kwana 7 zuwa 10 tana girma a cikin kaza, tana taruwa hawa-hawa, kafin ta sauko a lulluɓe ta da farin ƙwai da ɓawo cikin kimanin awa 25. Don haka sai ki ba su mako 2 kafin ki yanke hukunci. A tsakani, in kin dafa ƙwai kin raba shi biyu, kina iya ganin tsakiyar gwaiduwar a koɗe, gefenta kuma ya fara ja. Alamar sabon abincin ya fara shiga ke nan.

Anti Mai Lambu: 'Yar uwa ki goga musu karas, ai shi ma ja ne.

Ɗalibin Kiwo: Anti, karas ba laifi ba ne, amma ba ya rina gwaiduwa yadda ake zato. Launinsa bita-karotin ne, kuma jikin kaza yana juya mafi yawansa zuwa bitamin A, kaɗan ne ke kaiwa ga ƙwai. Wanda ke kawo ja sosai shi ne garin jan tattasai ko barkono, ɗan kaɗan a cikin abinci. Kada ki ji tausayinsu, tsuntsaye ba sa jin yajin barkono kamar mu. Manyan gonaki ma da irin wannan suke aiki, suna zuba garin furen marigol da na tattasai, ko sinadarin kantazantin, sannan su gwada da ma'aunin launin gwaiduwa mai lambobi. Shi ya sa nake jin ciwon yadda ake auna lafiyar kaza da jan gwaiduwa kaɗai. Kazar da ba ta taɓa taka ƙasa ba tana iya yin gwaiduwa jawur. Abin da jan ke nunawa shi ne yawan waɗannan sinadaran a cikin ƙwan, kuma lutin yana da amfani ga ido, amma iyakarsa ke nan.

Malama Likitar Dabbobi: Duk abin da aka faɗa daidai ne Hajiya, sai dai ina so ki riƙe wani ɓangaren. Cin launin daban, hanji ya tsotse shi daban. Idan kin gyara abinci, mako 2 ya wuce gwaiduwa ba ta motsa ba, to a duba cikinsu. Tsutsar ciki da cutar kokisidiyosis suna lalata hanji, kuma sun fi kama kajin da aka tsare a ƙasa mai danshi. Ki lura da kashinsu da safe, ko akwai gudawa ko jini, ki ɗaga kaza ki taɓa ƙashin ƙirjinta ki ji ko ta rame. Abincin da ya yi funfuna ma yana jawo haka, kuma shi gubarsa ta fi batun launi haɗari, zubar da shi za ki yi. Launin nan a maiƙo yake narkewa, saboda haka abincin da babu maiƙo ko kaɗan ba ya kai shi inda ake so. Zafi mai tsanani kuma yana rage musu ci, gwaiduwa ta ɗan koɗe.

Kada ki sayo magani ki ɗura musu da ka. Wasu magungunan sai an dakatar da cin ƙwan na wasu kwanaki, wasu ma ba a ba kaza mai yin ƙwai sam, kamar nikabazin da ke sa gwaiduwa dabbare-dabbare.

Anti Mai Lambu: Malama, ni kuma na taɓa ganin gwaiduwa ta yi kore-kore.

Malama Likitar Dabbobi: In a ɗanyen ƙwai ne, ki tambayi ko an ba kajin angurya ko tunkuzarta. Akwai wani sinadari mai suna gosifol a cikinta, shi ke mayar da gwaiduwa kore mai duhu, musamman in ƙwan ya kwana biyu a ajiye. In kuwa zobe ne kore a bayan dafaffiyar gwaiduwa, dahuwa ce ta yi yawa, ba ya cutarwa.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. Kashinsu lafiya lau, ba su rame ba. Amma yanzu da na duba, ƙafafun biyu daga cikinsu da bakinsu sun yi fari, alhali da ruwan ɗorawa suke. Shi ma ciwo ne?

Baba Mai Kaji: A'a 'yata, waɗannan biyun ina zaton su suka fi yi miki ƙwai. Kaza mai ƙafa ruwan ɗorawa in ta daɗe tana yin ƙwai, launin yakan janye daga dubura da gefen ido, sai baki, ƙafa ce ta ƙarshe. In ta huta ko ta yi zubar gashi sai ya dawo. Ki fara da masarar da ganyen, ki sa akurkin ya zauna a bushe, bayan mako 2 ki fasa ɗaya a farin faranti ki faɗa mana abin da kika gani.