Kyamarar shago ta ƙi buɗuwa daga Yamai: laifin katangar tsaro ne?

Mai shago a Kasuwar Dole ta Damagaram: Assalamu alaikum jama'a. Kyamara huɗu na sa a shago. In ina ciki, komai ina gani a waya. Da na sauka Yamai, ko hoto ɗaya bai fito ba. Yaron da ya haɗa mini ya ce ya buɗe ƙofa ta 8000 da ta 554, wato lambobin hanyoyin da ake bi daga intanet a isa kyamarorin, a kan ruta, akwatin da ke raba intanet a shagon.

Mai gyara daga Zango: Wa alaikumus salam Alhaji. Katangar tsaro ce, wadda ke tare masu shigowa ruta daga waje, ba wani abu ba. A kashe ta, a sa na'urar ɗaukar hoton cikin DMZ, wato a buɗe mata duk ƙofofi, shi ke nan.

Ɗalibar jami'a: Yaya, ban yarda ba. DMZ fa duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje, kai tsaye za a wuce da shi wurin na'urar. A 2016 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarorin da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita. Baba, kafin a taɓa komai, a duba adireshin da ruta ta samu daga kamfanin intanet. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, CGNAT ke nan: an tara ku da yawa bayan adireshi guda, saboda adiresoshin intanet na tsohon tsari, IPv4, wajen biliyan 4.3 ne kawai, ba su ishi duniya ba. Gidan haya ne. Ka buɗe ƙofar ɗakinka, makullin zaure yana hannun mai gida.

Mai gyara: Ƙanwata, karatu daban, aiki daban. Na yi haka a wani shago a Birni, har yau yana tafiya.

Tsohon ma'aikacin rezo: Malam, wancan layin adireshin kansa gare shi, shi ya sa. Kuma akwai abin da kuka tsallake ku biyun. In wuta ta ɗauke ta dawo, ruta na iya ba na'urar sabon adireshin cikin gida, daga 192.168.1.20 ta koma 23, ƙofar kuwa tana nan tana nuna tsohon wurin. Wannan ya sha wahalar da ni. A kafe mata adireshi. Gwaji kuma da intanet ɗin waya ake yi, a kashe wifi na shagon.

Mai shago: Yaron ya duba yanzu. Ya ce da 100.72 ya fara.

Mai gyara: To, na ji, kashe katanga ba zai yi magani a nan ba. Amma ina kan bakana cewa buɗe ƙofa ya fi sauƙi. A nemi kamfani ya ba Alhaji adireshin kansa.

Ɗalibar jami'a: In sun yarda, kuma da kuɗinsa. Ni WireGuard zan sa, manhajar da ke buɗe ɓoyayyar hanya tsakanin na'urori: shagon ne zai kira wata sabar haya, wato kwamfutar da ake haya a intanet, daga ciki, wayar Baba ta same shi can, babu ƙofar kyamara a buɗe.

Mai gyara: Sabar ma ai kuɗi ce duk wata.

Mai shago: Kowa ya kawo mini lissafinsa da sefa. Alhamis ranar kasuwa ce, ba ni da sukuni. Ku zo Juma'a bayan an sauko.