Tun da muka hana Baba gishiri ya daina cin abinci, ya za mu yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Babanmu zuciyarsa ta yi rauni, likita ya ce ciwon ya yi nisa, ko banɗaki ya je sai ya tsaya yana haki, barci ma sai a jingine. Da aka sallamo shi muka cire masa gishiri da mai da nama kwata-kwata, to yanzu loma biyu yake yi ya ture kwano, ƙafa a kumbure amma kafaɗa duk ƙashi. Mu ci gaba ko mu sassauta?

Maman Khairat: Wa alaikumussalam, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya kun matsa masa da yawa. In ciwon ya kai nan ramar ma kanta haɗari ce, ruwa na taruwa har a hanji shi ya sa yake saurin ƙoshi, kuma kumburin yana ɓoye ramar a sikeli. Ku dawo masa da ƙwai da kifi da nama mara kitse, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Gishiri ragewa ake yi, kar ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin burodi da abincin gwangwani.

Abu Sadiq: Akwai binciken SODIUM-HF na 2022 da aka yi a kan masu raunin zuciya, mutum 806, tsananta rage gishirin bai rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba, ɗan sauƙin jiki dai suka samu.

Hajiya Babba: 'Yata kar ki yarda a kawo miki gishirin nan da ake cewa na masu hawan jini, sinadarin potassium ne a ciki, in yana shan spironolactone, wani maganin rage ruwa a jiki, zai iya rikita bugun zuciya.

Mai tambaya: Kai, yana sha kuwa Hajiya! Ruwa fa?

Maman Khairat: Wannan sai likitansa, wasu ana tsayar musu a lita 1.5 zuwa 2, wasu ba a hana su. Ku dinga auna shi kowace safiya bayan fitsari, in ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ku kai shi, kar ku ƙara masa Lasix, maganin sa fitsari, da kanku. Ku faɗa wa likitan maganar ramar ma.